ITACEN GORO: SIFFARSA, MAZAUNINSA, DA YADDA HALITTARSA TA TSARA FATAUCIN HAUSAWA

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wani ɗan itace da ya ratsa rayuwar Bahaushe kamar yadda goro ya ratsa ta. Da shi ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗa wa jariri suna, da shi kuma ake gai da malamai da surukai. Har ma idan aka ce wa mutum "albishirinka", amsar da zai bayar ita ce "goro". To, amma duk da wannan shaƙuwa, idan aka tara masu cin goro a Kano ko Katsina ko Damagaram, aka ce su siffanta uwar da ta haife shi, kaɗan ne ƙwarai za su iya buɗe baki. Dalili kuwa shi ne, itacen ba ya rayuwa a ƙasarmu. Ɗan kurmi ne, 'ya'yansa kawai muke gani a faifan mai talla.

Manufar wannan takarda ita ce ta gabatar wa mahalarta wannan taro itacen kansa, kamar yadda masana ilmin tsirrai suka bayyana shi. Abin da take so ta tabbatar abu ɗaya ne: goron da muke taunawa ba busasshen kaya ba ne kamar gyaɗa ko dabino, iri ne mai rai, wanda ke numfashi har ranar da aka ɓare shi. Daga wannan hali nasa, da kuma irin ƙasar da uwarsa ke bukata, aka sami doguwar tafiyar fatake, da huhu, da yayyafin ruwa, da asarar da 'yan goro ke kuka da ita. Wanda bai san itacen ba, ba zai gane dalilin waɗannan abubuwa ba, ba kuma zai hangi haɗarin da ke fuskantar sana'ar ba.

2.0 Suna da Dangi

Masana tsirrai suna kiran jinsin goro da sunan Cola. Masana biyu na ƙasar Ostiriya, watau Schott da Endlicher, su ne suka keɓe wannan jinsi a shekarar 1832. Kafin su, Faransawa biyu sun riga sun siffanta manyan nau'o'insa a farkon ƙarni na 19: Ventenat ya siffanta wanda yanzu ake kira Cola nitida, shi kuma Palisot de Beauvois, wanda ya sauka a yankin Warri da Binin a 1786, ya siffanta Cola acuminata. Jinsin yana da nau'i fiye da 100, dukkansu 'yan asalin Afirka, amma waɗannan biyu su ne ƙashin bayan ciniki.

Cola nitida shi ne ainihin goron Hausawa. Alamarsa ita ce yana rabuwa ɓari biyu. Yarbawa suna kiransa obi gbanja, kalmar da ta samo asali daga Gwanja, ƙasar da fatakenmu ke zuwa sayensa. Ibo kuma suna ce masa gworo, wadda ba sai an faɗa ba daga bakin Bahaushe suka ɗauke ta. Shi kuwa Cola acuminata yana rabuwa ɓari uku zuwa shida. Shi ne obi abata na Yarbawa, kuma shi ne Ibo ke fasa wa baƙo a bisa al'ada. Akwai kuma wasu nau'o'i masu ɓari da yawa da yauƙi a baki, irin waɗanda Hausawa ke kira hannunruwa, ba su kuma ɗauke su da daraja ba. A nan ya kamata a yi hattara da namijin goro. Duk da sunansa, ba ɗan wannan gida ba ne ko kaɗan; sunansa Garcinia kola, daga wani dangi dabam.

A dā ana lissafa goro cikin dangin Sterculiaceae, kuma haka za a tarar a tsofaffin littattafai, kamar na J. M. Dalziel na 1937 a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Daga ƙarshen shekarun 1990, binciken ƙwayoyin gado ya sa aka narkar da wannan dangi cikin babban dangin Malvaceae. Ta haka goro ya zama ɗan'uwan koko, da auduga, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da kuka, da rimi. Amma cikin na kusa da shi a itatuwan da muke da su a dajinmu akwai kukuki, watau Sterculia setigera. Duk wanda ya lura da yadda 'ya'yan kukuki ke fitowa a kan sanda ɗaya sun baje kamar yatsun hannu, to, ya ga tsarin 'ya'yan goro.

3.0 Mazauninsa

Asalin Cola nitida shi ne kurmin da ya taso daga Gini da Saliyo, ya bi ta Laberiya da Kwaddibuwa, ya tuƙe a ƙasar Gana. Asalin Cola acuminata kuwa yana gabas da nan, daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru, Gabon, Kwango, har Angola. Tsakanin kurmin yamma da na gabas akwai wani giɓi, a kudancin Togo da Jamhuriyar Benin da gabashin gaɓar Gana, inda fili mai ciyawa ya sauko har bakin teku saboda ƙarancin ruwan sama. Wannan rabuwa tana da muhimmanci ga tarihinmu, domin ita ce ke bayyana abin da ya sa Bahaushe, wanda kurmin Yarbawa ya fi kusa da shi, ya tsallake shi ya nufi Gwanja. Goron da bakinsa ke so a can yake. A wancan zamani wanda ya yawaita a kudancin Nijeriya mai ɓari da yawa ne. Togaciyar da aka sani ita ce ta ƙasar Nufe, inda aka daɗe ana noman wani goro mai daraja a yankin Labozhi, a cikin kurmin bakin rafi.

Itacen na ƙasa mai kwari ne, mai zafi da laima. Ya fi jin daɗi inda ruwan sama ya kai milimita 1,700 ko fiye a shekara, ko da yake yana iya rayuwa a inda ya sauka zuwa kimanin 1,200 idan ƙasar tana riƙe danshi. Yana son zafin da ke tsakanin digiri 23 da 28 a ma'aunin Salshiyos, da ƙasa mai zurfi, mai taki, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Yana jure rani na wata uku ko makamancin haka. Idan muka kwatanta wannan da Kano, inda ruwan shekara galibi bai cika wuce milimita 1,000 ba, rani kuma yake kai wata bakwai, ga hunturu mai busar da fata, za mu ga cewa ba rashin himmar manomanmu ne ya hana mu goro ba.

A cikin kurmi, goro ba ya cikin ƙattin itatuwan da ke yi wa daji rumfa. Yana zaune ne a ƙarƙashinsu, a hawa na tsakiya. Saboda haka ƙaramin dashe ba ya jure rana tsirara, sai an yi masa inuwa da ayaba ko wani itace. Idan ya girma kuwa, yana bukatar haske domin ya yi fure sosai.

4.0 Siffar Itacen

4.1 Jiki da Ganye

Goron gona yakan kai tsawon mita 9 zuwa 12, na cikin daji kuwa yana iya haura mita 20. Ba ya kaɗe ganye gaba ɗaya kamar yadda kuka ke yi da rani. Kullum shar yake, kansa a cike, inuwarsa mai duhu. Ɓawonsa ruwan toka ne, yana tsattsagewa a tsaye idan ya tsufa. Ganyensa falle ɗaya ne, mai kauri da sheƙi, mai tsini a baki, ya yi kusa da ganyen mangwaro amma ya fi shi faɗi. Babba yakan kai santimita 30. Sandar ganyen tana da ɗan kumburi a inda ta haɗu da fallen, wanda ke ba ganyen damar karkata wajen haske. Itacen ba ya girma a kai a kai, sai dai ya yi toho bugu-bugu, ya huta, ya sake.

4.2 Fure da Barbara

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci ga mai neman amfani. Furen goro yana fitowa a cunkushe, a jikin ƙananan rassa. Ba shi da fallayen ado irin na furen kuɓewa ko auduga. Abin da ido ke gani kamar fure, kwanon gindi ne da ya rabu baki biyar, fari ko ruwan madara, da zane-zane ja a ciki.

Furen iri biyu ne a kan itace ɗaya. Akwai namiji, ƙarami, wanda aikinsa kawai shi ne fitar da bununi, watau irin garin nan da muke gani yana zuba daga kan gero. Akwai kuma babba, wanda faɗinsa kan kai santimita 5, mai ɗauke da mahaifa ɗaki biyar. Shi wannan na biyu yana da alamun gaɓoɓin namiji a gindinsa, amma a aikace mace ne. Furen maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, har akwai itatuwan da kusan maza zalla suke fitarwa. Bununin yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa da sauƙi, sai ƙananan ƙwari sun kai shi.

Daɗin daɗawa, itatuwa da yawa ba sa karɓar bununin kansu, wasu ma ba sa karɓar na wasu 'yan'uwansu na kusa. Ma'anar wannan ita ce, mutum zai iya mallakar gona cike da lafiyayyun itatuwa, su yi fure fari fat kowace shekara, amma furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ba. Nazarin da C. L. M. van Eijnatten ya yi a Nijeriya, wanda ya fito a 1969, da ayyukan Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Badun, wadda aka kafa a 1964 aka kuma ɗora mata alhakin goro, sun nuna cewa rashin dacewar barbara na cikin manyan dalilan ƙarancin amfani. Sun kuma nuna cewa idan mutum ya ɗebi bununi daga itacen da ya dace ya shafa wa furen mace da hannunsa, amfanin yakan ninka sau da yawa.

4.3 Kwasfa da Ƙwaya

Idan barbara ta kama, kowane ɗaki na mahaifar yana iya zama kwasfa mai zaman kanta. Saboda haka fure ɗaya kan haifi kwasfa ɗaya zuwa biyar, a baje kamar tauraro. Kwasfar koriya ce, mai gudaje a jiki, tsawonta kan kai santimita 13. Tana nuna bayan wata huɗu zuwa biyar. A kudancin Nijeriya Cola nitida ya fi yin fure a tsakiyar damina, babbar kakarsa kuma takan faɗo daga Oktoba zuwa Disamba. Shi kuwa Cola acuminata kakarsa wajen Afrilu zuwa Yuni take.

A cikin kowace kwasfa akwai ƙwaya huɗu zuwa takwas, wani lokaci har goma, jere a sahu biyu, kowace a lulluɓe da farar riga mai laushi. Matsin da suke yi wa juna a ciki shi ne ke ba goro siffarsa, wani gefe a daɗe, wani a kumbure. Idan aka tuɓe rigar, abin da ya rage shi ne goro. A ilmance, wannan jaririn itace ne cikakke. Ɓari biyun nan ganyayen iri ne da suka kumbura da abincin da tsiro zai ci, kamar dai ɓari biyun gyaɗa ko wake. Ɗan ƙullutun da ke manne a inda suka haɗu kuwa, shi ne zai zama saiwa da kara.

Launin goro, fari ko ja ko ruwan hoda, gado ne. A 1911 Chevalier da Perrot sun dogara da launi suka karkasa Cola nitida gida huɗu: alba, rubra, pallida, da mixta. Amma tun da kowace ƙwaya jaririya ce mai uwa da uba, kuma ƙwari na iya kawo bununi daga itatuwa dabam-dabam, akan fasa kwasfa ɗaya a tarar da fari da ja kwance tare. Saboda haka farin goro da jan goro ba nau'i biyu ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne, ko da yake kasuwa ta fifita fari.

Goron da aka shuka ɗanye yana da nauyin tsira, yakan ɗauki wata biyu ko uku, wanda kuwa aka ajiye ya kwana biyu ya fi saurin fitowa. Ɓarin suna zama a cikin ƙasa suna shayar da tsiron. Itacen da aka tayar daga ƙwaya yakan fara haihuwa a shekara ta shida ko ta bakwai, ba ya kai ƙarfinsa sai ya haura goma, sa'an nan yana iya ci gaba da bayarwa har shekara 70 ko fiye. Wanda ya dasa goro, jikokinsa ya yi wa tanadi.

5.0 Abin da ke Cikin Ƙwaya

Fiye da rabin nauyin ɗanyen goro ruwa ne. Cikin abin da ya rage, sitaci ya fi yawa. Sinadarin da ke kore barci da gajiya da yunwa shi ne kafeyin, irin wanda ke cikin gahawa da shayi, kuma yawansa a busasshen goro yakan kama daga kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Akwai kuma tiyoburomin kaɗan, wanda ya fi yawa a koko. Baurin da ke kama harshe kuwa daga dangin tanin yake, irin sinadarin da majema ke nema a bagaruwa. Su ne kuma ke haɗuwa da iska su rine, shi ya sa goron da aka gatsa aka ajiye yake yin ja, haƙoran mai yawan ci kuma suke dafewa. Ga itacen, waɗannan sinadarai makamai ne na kare iri daga ƙwari. Ɗan Adam ne ya mai da su abin marmari. Yawaita shi kuwa yana hana barci, yana sa bugun zuciya, yana kuma tsananta wa mai gyambon ciki.

Turawa sun gano kafeyin a goro a shekarun 1860, sa'an nan Heckel da Schlagdenhauffen na Faransa suka faɗaɗa binciken a shekarun 1880. Daga nan ya shiga magungunan ƙarfafa jiki a Turai da Amurka, har John Pemberton ya haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta a 1886, wadda rabin sunanta na goro ne. Tun kafin wannan, zamanin cinikin bayi ya riga ya kai itacen Barazil da Jamaika.

6.0 Daga Kurmi zuwa Kasuwa

Yawancin irin da manomin Hausa ya sani, kamar gero da dawa da wake, sai sun bushe suke ajiyuwa. Goro akasin haka yake. Yana cikin rukunin irin da bushewa ke kashewa, kamar ƙwallon mangwaro da irin koko. Idan ya rasa ruwansa ya mutu, ya ƙandare, ya zama abin da Bahaushe ba ya saye. Idan kuma ruwan ya yi yawa, ko iska ta kasa ratsa shi, zafin numfashinsa ya taru, sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Idan ya sami danshi da ɗumi fiye da kima, sai ya tsira. Dukkan gwanintar ɗan goro a tsakanin waɗannan haɗura uku take.

Aikin yana farawa tun daga gona. Akan tsinko kwasfa da lauje a bakin gora kafin ta fashe ta zubo. A fasa, a jiƙa ƙwayar a ruwa ko a tara ta a rufe har farar rigar ta ruɓe, a wanke, a zuba a kwando na 'yan kwanaki domin ta tsane ta yi gumi. Bayan haka a tsince, a shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi, irin su fita, a jera goron, a rufe, a ɗaure. Ganyen yana riƙe laima, yana kuma barin iska ta shiga. Lokaci-lokaci sai an kwance, an fid da mai cuta, an sake ganye, an yi yayyafi. Goron da aka yi wa wannan hidima yana iya shekara, baurinsa ya ragu, ɗanɗanonsa ya gyaru, shi ne daushe da manya ke nema.

Da wannan ilmi ne kakanninmu suka riƙa ɗauko kaya mai rai su ratsa da shi fiye da kilomita 1,000 na busasshiyar ƙasa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci goro cikin gaisuwar da Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina, ya kuma ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. A ƙarni na 18 da na 19, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro, fataucin ya bunƙasa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Bargu da Dagomba zuwa Salaga, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro a waga bisa jakuna. Abin lura shi ne Salaga kanta ba ta noman goro. Kasuwa ce a bakin kurmi, inda Asante ke kawo shi, ba sa kuma barin baƙi su kutsa zuwa inda itacen yake. Wannan ma yana daga cikin dalilan da Bahaushe ya san ɗa bai san uwa ba.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, ciniki ya fara kaucewa daga gare ta, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa ta. Sai goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi fice a kanta, daga nan kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya ɗauka. A wannan tsakani ne manoman Yarbawa na Agege da Ota da Ijebu-Remo suka dasa Cola nitida da yawa, domin sun ga kasuwarsa a arewa. Unguwannin Hausawa na Shagamu da Agege da Sabon Badun, wanda Abner Cohen ya yi nazarinsa a littafinsa na 1969, sun ginu a kan wannan ciniki. Ta haka itacen da asalinsa ke yamma ya mai da Nijeriya ƙasar da ta fi kowace noman goro a duniya, da wajen rabin abin da ake samarwa, Kwaddibuwa da Kamaru da Gana suna biye.

7.0 Matsalolin da ke Fuskantar Itacen

Matsala ta farko ita ce tsufa. Gonaki da yawa na kudu maso yammacin Nijeriya dashen kakanni ne, wasu ma ba dasa su aka yi ba, tsira suka yi aka bar su a cikin koko. Saurayi kuwa ba ya sha'awar itacen da zai jira shekara bakwai, alhali bai tabbata zai haihu ba. Maganin wannan sananne ne: a zaɓi itatuwa masu yawan haihuwa, a yaɗa su ta hanyar dasa reshe ko aure irin wanda ake yi wa mangwaro, a kuma haɗa waɗanda bununinsu ya dace a gona ɗaya. Irin wannan dashe yana haihuwa da wuri, kuma yana gadon halin uwarsa sak. Abin da ya rage shi ne ya isa hannun manomi.

Ta biyu ita ce sankara. Ƙwaron da ya fi jawo ta shi ne Balanogastris kolae, tare da wasu na jinsin Sophrorhinus. Uwar takan saka ƙwai a cikin goron, musamman wanda kwasfarsa ta fashe ko ta faɗi ƙasa, tsutsar ta yi ta ci daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Saboda haka cutar da ɗan kasuwa ke gani a Mariri ta Kano, tun daga gindin itace aka ɗauko ta. Tsinka da wuri, da tsabtace gindin itace, da yawan tsincewa sun fi kowane magani. Wasu masu ajiya sun ɗauki al'adar zuba maganin ƙwari kai tsaye a kan goro, har da lindan, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin abubuwan da za a kawar a 2009. Haɗarin a fili yake, tun da goro ɗanye ake cinsa, ba dafawa, ba ferewa. Ban da waɗannan, akwai kauci da ke shanye rassa, da ƙwaro mai huda kara, da fumfuna a wurin ajiya.

Ta uku, wadda ta fi girma, ita ce ƙarewar kurmin kansa. A Kwaddibuwa da Gana, mahaifar Cola nitida, noman koko da saran katako sun cinye mafi yawan dajin asali, haƙar zinariya ta barkatai kuma tana ƙara ɓarna a Gana. Goron gona ba zai ɓace gobe ba. Amma itatuwan daji da sauran nau'o'in jinsin su ne rumbun gado, inda mai bincike zai nemo jurewar fari ko ta cuta idan bukata ta taso. In rumbun ya ƙone, ba a sake gina shi.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa bukatar itacen goro ga ruwa da inuwa ita ce ta tsare shi a kurmi. Rabuwar nau'o'insa tsakanin yamma da gabas ita ce ta kai fatake Gwanja. Halin furensa shi ne ke rage amfaninsa. Kasancewar ƙwayarsa mai rai kuwa shi ya haifar da dukkan dabarun huhu.

Saura abin da ya rataya a wuyanmu. Harshen Hausa yana da arzikin kalmomi a kan ƙwayar goro: marsa ga manya, minu ga ƙanana, daushe ga na bara, ƙwarya ga guda ɗari, ga huhu, ga waga, ga sankara. Dalziel ya tattara wasu tun 1916 a ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa. Amma idan aka zo kan fure da barbara da sassan iri, sai mu tarar da hannunmu wayam, kamar yadda mai sauraro ya ga an yi ta kewaye a wannan takarda. Shawara ta farko ita ce malaman harshe da na kimiyyar tsirrai su zauna tare su daidaita waɗannan kalmomi. Ta biyu, a tura ɗalibai wurin dattawan 'yan goro na Kano da Sakkwato da Shagamu da zangon Kumasi, a rubuta abin da suka sani na ajiya da gane cuta tun suna raye, domin ilmi ne da aka gwada shekaru ɗaruruwa. Ta uku, a fassara sakamakon binciken cibiyoyin aikin gona zuwa Hausa, musamman abin da ya shafi sankara da haɗarin maganin ƙwari, tun da masu riƙe da goro daga kwando zuwa baki yawancinsu da Hausa suke karatu da ciniki. Mu ne manyan masu cin wannan ɗan itace, saboda haka lafiyar uwarsa a kurmi ta shafe mu kai tsaye, ko da ba mu taɓa zama a inuwarta ba.